Riguna Ɗari: Yadda Littafin Labari Ke Koya wa Yara Gudun Cin Zali

A cikin shekarar 1944, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, wani ɗan ƙaramin littafi ya fito a ƙasar Amurka mai suna The Hundred Dresses, watau Riguna Ɗari. Wata mata ce ta rubuta shi, Eleanor Estes, wadda ta daɗe tana aiki a ɗakin karatu na yara kafin ta shiga rubuce-rubuce. Yau fiye da shekara tamanin ke nan, amma har yanzu ana buga littafin, ana kuma karanta wa yara shi a makarantu.

Labarin na wata yarinya ne, Wanda Petronski, 'yar wasu baƙi 'yan asalin ƙasar Polan da ke zaune a unguwar talakawa can bayan gari. Ba ta da uwa, daga ita sai ubanta da wanta. Kullum da riga ɗaya take zuwa makaranta, shuɗiya, ta koɗe, amma a wanke take tas. A aji kuwa can ƙurya take zama, ba ta yi wa kowa magana, ba mai yi mata. Wata rana 'yan mata sun kewaye wata abokiyarsu suna yaba sabuwar rigarta, sai Wanda ta matso ta ce ita ma tana da riguna ɗari a gida. Daga ran nan ta zama abin wasa. Kowace safiya sai Peggy, wadda ta fi kowa farin jini a ajin, ta tare ta, ta tambaye ta cikin ladabin ƙarya wai riguna nawa ne ma take da su. Ita kuwa sai ta ba da amsar da ta saba, 'yan mata su fashe da dariya, su wuce su bar ta tsaye.

To, amma marubuciyar ba ta bi labarin ta idon Wanda ba, ba ta kuma bi shi ta idon Peggy ba. Ta bi shi ne ta idon wata ta uku, Maddie, aminiyar Peggy. Maddie ba ta taɓa yi wa Wanda tambayar ba. Abin yana damunta ƙwarai, domin ita ma 'yar talakawa ce, kuma tsofaffin rigunan Peggy take sawa, waɗanda uwarta ke sake wa ado don kada a gane. Tsoronta shi ne in ta buɗe baki, dariyar ta juyo kanta. Saboda haka ta yi shiru.

Ana nan sai aka wayi gari babu Wanda a aji, har kwana biyu ba wanda ya lura. Ranar da za a faɗi sakamakon gasar zane, yara suka shigo suka tarar an lulluɓe bangon aji da zanen riguna iri-iri har guda ɗari, kowace da launinta. Wanda ce ta zana su, ita ce kuma ta ci gasar. Sa'an nan malama ta karanta wata wasiƙa daga uban yarinyar, inda ya ce sun ƙaura zuwa babban birni, wurin da ba za a riƙa yi musu dariyar sunansu ba. Maddie da Peggy suka tafi gidan don su ba ta haƙuri, suka tarar ba kowa. Maddie ta kwana ba ta runtsa ba, har ta ɗaura wa kanta alkawarin ba za ta ƙara tsayawa tana kallo ta yi shiru ba.

Mai sauraro zai lura cewa a duk tsawon labarin nan ba wanda ya taɓa Wanda ko da ɗan yatsa. Babu duka, babu ƙwace. Duk da haka an kori iyali guda daga gari. Wannan shi ne abin da ya sa malamai ke son littafin, domin yana nuna wa yaro ɗan shekara bakwai abin da manya da yawa ba su gane ba.

Mene ne cin zali?

Mutumin da ya fara mai da wannan al'amari abin bincike na ilmi shi ne Shaihun Malami Dan Olweus, ɗan asalin ƙasar Suwidin, wanda ya yi yawancin aikinsa a Jami'ar Bergen ta ƙasar Norwe, ya kuma rasu a 2020. Littafinsa na farko a kan batun ya fito a 1973. A wancan zamani mutane da yawa suna ɗaukar cin zalin makaranta tamkar fitar haƙori, watau wahala ce da kowane yaro zai sha ya wuce. Sai a ƙarshen 1982 jaridu suka ba da labarin yara maza uku a arewacin Norwe, masu shekaru tsakanin 10 da 14, waɗanda suka kashe kansu bayan tsangwamar da suka sha a hannun 'yan'uwansu 'yan makaranta. Hankalin ƙasar ya tashi. A 1983 Ma'aikatar Ilmi ta ƙaddamar da gangami a duk faɗin ƙasa, aka yi wa 'yan makaranta kimanin 130,000 tambayoyi. Sakamakon ya nuna wajen kashi 15 cikin 100, watau yaro ɗaya cikin bakwai, ko dai ana cin zalinsa, ko kuwa shi ke cin zalin wani.

Olweus ya ce abubuwa uku ne ke raba cin zali da faɗan yara na yau da kullum. Na farko, da gangan ake yi don a ɓata wa wani rai. Na biyu, ana maimaitawa, yau da gobe da jibi. Na uku kuwa, wanda ya fi muhimmanci, ƙarfi bai zo ɗaya ba: mai yi ya fi wanda ake yi wa girma, ko baki, ko yawan magoya baya, har ya zamana wanda ake yi wa ba shi da hanyar kare kansa.

Bahaushe ba zai sha wuyar fahimtar wannan ba, domin ya san wasan taubasai, ya san kuma irin zolayar da ke tsakanin Bafillace da Babarbare. A can ana faɗin magana mai zafi, amma kowa yana da damar ramawa, kowa yana dariya, in an tashi kuma zumunci ya ƙaru. Ranar da dariya ta zama ta gefe ɗaya, ɗayan kuma ya sunkuyar da kai yana neman hanyar gudu, to wasa ya ƙare, an shiga cin zali. Yaro ɗan shekara biyar yana iya koyon wannan ma'auni in an nuna masa: ya dubi fuskar abokin wasansa ya ga ko shi ma yana dariya.

Abin bai tsaya ga Turai ba. Wani rahoto da hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2019 ya nuna cewa kusan ɗalibi ɗaya cikin uku a duniya, kashi 32 cikin 100, ya ce an ci zalinsa a makaranta aƙalla sau ɗaya a cikin watan da ya gabaci tambayar. A ƙasashen Afirka na kudu da Sahara adadin ya kai wajen kashi 48. Rahoton ya ce babban dalilin da yara suka fi ambata shi ne kamannin jiki, sai kuma launin fata ko ƙabila ko ƙasar asali. Wannan ya kamata ya ja hankalin duk iyayen da ke renon 'ya'yansu a ƙasar da ba tasu ba. Tun daga 2020 hukumar ta keɓe Alhamis ta farko a watan Nuwamba ta zama ranar yaƙi da cin zali a makarantu.

Har wa yau, tabon ba ya gogewa da sauri. A Birtaniya akwai wani dogon bincike da ke bin rayuwar dubban mutanen da aka haifa cikin mako guda na shekarar 1958. An tambayi iyayensu ko ana cin zalinsu sa'ad da suke shekara 7 da kuma 11. A 2014 masana na King's College da ke Landan suka duba bayanan mutum fiye da 7,000 daga cikinsu, suka tarar cewa waɗanda aka ci zalinsu suna yara sun fi sauran fama da damuwa da baƙin ciki da rashin lafiya, har zuwa lokacin da suka kai shekara 50.

Masu kallo

Shekaru da yawa hankalin malamai yana kan mutum biyu ne kawai, azzalumi da wanda aka zalunta. Binciken da aka yi daga baya ya nuna cewa Eleanor Estes ta riga masana gano inda gizo ke saƙa. A cikin shekarun 1990 wasu mata biyu masana halayyar ɗan Adam a ƙasar Kanada, Debra Pepler da Wendy Craig, suka ɗauki hotunan bidiyo na filayen wasan makarantun firamare a birnin Toronto, tare da maƙala wa yara ƙananan na'urorin ɗaukar magana. Suka tarar cewa a wajen kashi 85 cikin 100 na lokutan da aka ci zalin wani, akwai wasu yara a wurin suna kallo. Ba kasafai masu kallon ke sa baki ba. Amma in ɗayansu ya sa baki, fiye da rabin lokutan abin yakan tsaya kafin daƙiƙa goma.

A ƙasar Finlan kuma, Christina Salmivalli ta Jami'ar Turku ta nuna a 1996 cewa kusan kowane yaro a aji yana da rawar da yake takawa. Ban da mai yi da wanda ake yi wa, akwai mai taya shi, akwai mai zuga shi da dariya, akwai mai kau da kai kamar bai gani ba, akwai kuma mai tsaya wa wanda ake zalunta. Masu magana sun ce ba a mugun sarki sai mugun bafade. Azzalumin yaro girma yake nema a idon 'yan'uwansa, dariyarsu ita ce ladansa, in ya rasa ta kasuwarsa ta mutu. A kan wannan tushe aka gina shirin nan na KiVa, wanda aka bazu da shi cikin makarantun Finlan daga 2009.

A nan ne amfanin littafin labari ya fito fili. Yawancin yaran da ke zaune gaban malami ba Peggy ba ne, ba kuma Wanda ba ne. Maddie ne. In an yi wa aji wa'azi a kan mugunta, kowa zai ce ba da shi ake ba. In kuwa an karanta musu labarin yarinya mai kirki wadda tsoro ya rufe wa baki, da yawa za su ga kansu ba tare da an nuna su da yatsa ba.

Akwai kuma dalili na biyu. Masana sun gano cewa wajen shekara huɗu ne yaro ke fara gane cewa abin da ke cikin zuciyar wani dabam yake da abin da ke cikin tasa. Wannan fahimta tana bukatar motsawa kamar yadda ƙafa ke bukatar tafiya. A filin wasa abubuwa suna faruwa da sauri, ga tsoro, ga hayaniya. A cikin littafi kuwa ana iya tsai da lokaci. Ana iya tsayawa a shafi ɗaya a dubi fuskar yarinyar da aka bari ita kaɗai a jikin bango, a tambayi yaro me yake jin tana ji, a koma baya, a sake karantawa gobe. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Waɗansu littattafai

Littattafan da aka rubuta a kan wannan batu suna da yawa, amma kaɗan daga cikinsu sun isa misali. A 1955 wani mai zane ɗan ƙasar Japan da ke zaune a Amurka, Taro Yashima, ya fitar da Crow Boy, watau Yaron Hankaka. Labarin wani ɗan ƙauye ne ƙanƙane mai tsoron mutane, wanda 'yan ajinsu suka mai da shi wawa, suka yi shekara biyar ba mai kula shi. A shekara ta shida aka kawo sabon malami, wanda ya lura cewa yaron ya san tsirrai da wuraren da 'ya'yan itatuwan daji ke fitowa fiye da kowa. Ranar bikin makaranta malamin ya fito da shi gaban jama'a, yaron ya kwaikwayi kukan hankaki iri-iri, na 'yan tsaki da na iyaye, na safiya da na ranar baƙin ciki. Sa'an nan malamin ya bayyana cewa a kan hanya ya koye su, domin shekara shida yana barin gida da asuba, ya koma da faɗuwar rana, bai taɓa fashi ba. 'Yan ajin suka fashe da kuka. Darasin wannan littafi na malamai ne kafin ya zama na yara: idon da babba ya dubi yaro da shi, da shi sauran yara za su dube shi.

Waɗansu littattafan sun ɗauki batun suna. The Name Jar na Yangsook Choi, wanda ya fito a 2001, labarin wata yarinya ce da ta zo Amurka daga ƙasar Koriya, yara suka yi wa sunanta dariya a cikin motar makaranta, har ta yi niyyar zaɓen sunan Turawa, daga baya ta tsaya a kan nata. Duk uban da ɗansa ya taɓa dawowa gida a Landan ko Jidda yana roƙon a gajarta masa suna, ko a daina sa masa abincin gida a jaka, ya san zafin wannan labari.

A 2019 littattafai biyu suka fito waɗanda suka shafi 'ya'yan Afirka da 'ya'yan Musulmi kai tsaye. Ɗaya shi ne Sulwe, na 'yar wasan fim ɗin nan 'yar ƙasar Kenya, Lupita Nyong'o, labarin yarinyar da ta fi kowa baƙin fata a gidansu da makarantarsu, har ta riƙa neman hanyar da za ta yi fari. Ɗayan kuwa shi ne The Proudest Blue, na Ibtihaj Muhammad, wadda ta ci wa Amurka lambar tagulla a wasan takobi a gasar Olamfik ta 2016 tana sanye da hijabi. Labarin ranar farko ce da wata yarinya ta sa hijabi zuwa makaranta, ƙanwarta tana kallon yadda wasu yara ke yi mata dariya, da yadda ta wuce su ba ta sunkuyar da kai ba. Wata shaihiyar malama Ba'amurkiya, Rudine Sims Bishop, ta yi bayani a 1990 cewa littafi yakan zama wa yaro madubi inda zai ga kansa, yakan kuma zama masa taga inda zai hangi rayuwar wasu. Irin waɗannan littattafai madubi ne ga 'yar baƙi, taga ce kuma ga sauran 'yan ajinsu, kowanne yana bukatar nasa.

Ba kowane labari ke aiki ba

Sai dai akwai hattara. Shahararren labarin nan na mummunan ɗan agwagwa, wanda Hans Christian Andersen na ƙasar Denmak ya buga a 1843, ana yawan kawo shi a wannan fage. Ɗan tsuntsun ya sha tsangwama saboda muninsa, daga ƙarshe ya girma ya zama kyakkyawan tsuntsu, kowa ya yaba shi. Labari ne mai daɗi, amma yaro mai tunani yana iya tambaya: to, da bai zama kyakkyawa ba fa? Ko Yaron Hankaka ma yana da irin wannan rauni, domin sai da ya nuna gwanintarsa aka ga darajarsa. Wajibi ne mai karantawa ya cike giɓin da bakinsa, ya nuna cewa ba sai mutum ya yi fice ne ya cancanci a bar shi ya zauna lafiya ba. Haka nan labarin da ya ƙare da ramuwa, inda ƙaramin yaro ya koyi dambe ya kayar da babban, yana faranta rai, amma a zahiri mai ramawa da hannu sau da yawa shi ke ƙara shan wuya, shi ne kuma malami zai kama.

Bincike biyu da aka yi a Jami'ar Toronto sun ƙara haske. A na farko, wanda Kang Lee da abokan aikinsa suka buga a 2014, an gwada yara masu shekara 3 zuwa 7 a kan faɗin gaskiya. An karanta wa wasu labarun da maƙaryaci ke gamuwa da mugun sakamako, kamar na makiyayin nan da ya riƙa ihun ƙarya har ranar da kyarkeci ya zo da gaske. Waɗannan labarun ba su ƙara wa yaran gaskiya ba. Labarin da ya yi tasiri shi ne wanda yaro ya amsa laifinsa, ubansa ya yaba masa. Binciken a kan ƙarya aka yi shi, amma ishararsa ta isa: nuna wa yaro abin kirkin da zai yi ya fi tsoratar da shi. A na biyu, wanda ya fito a 2017, an karanta wa yara masu shekara 4 zuwa 6 labari ɗaya a kan kyauta, wasu da hotunan mutane, wasu da hotunan dabbobi masu sa tufafi. Waɗanda suka ga mutane ne suka ƙara yawan abin da suka ba wasu yara daga baya. Ƙaramin yaro ba lalle ne ya haɗa halin kura da nasa ba, sai an ɗauke shi an haɗa masa.

Ba dole ne kuma labari ya ƙare da daɗi ba. A cikin Each Kindness na Jacqueline Woodson, wanda ya fito a 2012, wata baƙuwar yarinya matalauciya ta yi ta neman a yi wasa da ita ana juya mata baya, har ranar da kujerarta ta zama wayam. Malama ta jefa ɗan dutse cikin ruwa ta nuna wa yara yadda alheri ke bazuwa, amma yarinyar da ke ba da labarin ta rasa ko alheri ɗaya da za ta ambata, baƙuwar kuma ba ta dawo ba. Yara sukan yi tsit in an rufe wannan littafi, kuma daga wannan shirun ne magana mai amfani ke tasowa.

Yadda ake karantawa

Littafin rabin aiki ne, sauran rabin yana ga mai karantawa. Tun 1988 wani masani Ba'amurke, Grover Whitehurst, ya nuna cewa ƙananan yara sun fi ƙaruwa da harshe in babba yana tsayawa yana yi musu tambayoyi, maimakon ya karanta daga farko zuwa ƙarshe su kuwa suna saurare kawai. Alal misali, uwa tana iya tsayawa ta ce, "Dubi fuskar yarinyar nan, me kake gani?" Ko ta ce, "Su wa ke tsaye a bayanta? Da kai ne a wurin, me za ka iya yi?" Amsar ba sai ta zama ta jarumtaka ba. Yaro yana iya ƙin yin dariya, yana iya zuwa ya zauna kusa da wanda aka ware, yana iya kiransa wasa, yana iya gaya wa malami. Ya kamata a nuna masa bambancin tsegumi da neman taimako: mai tsegumi so yake ya jefa wani cikin wahala, mai neman taimako kuwa so yake ya fid da wani daga cikinta.

Sau da yawa a tsakiyar irin wannan hira ne yaro kan ce, "Umma, ai a ajinmu ma akwai wani." Wani lokaci wannan "wani" shi ne kansa. A nan ake son babba ya riƙe fushinsa, ya saurara, kada ya ce masa rago, kada kuma ya ce ya je ya rama. Malami kuwa kada ya karanta littafi a aji yana duban yaron da ake zalunta, domin ya ƙara tona shi ke nan.

Wata malamar 'yan ƙananan yara a birnin Shikago, Vivian Paley, ta ba da misali mai kyau a littafinta na 1992. Ta lura cewa tun a ajin share fage akwai yaran da kullum ake ce musu ba za a yi wasa da su ba. Ta kawo shawarar a kafa doka a ajin cewa ba wanda zai hana wani shiga wasa. Ba ta ɗora dokar da ƙarfi ba. Ta yi makonni tana shawara da yaran, tana kuma ba su wani dogon labari da ta ƙirƙira, na wani tsuntsu mai taimakon waɗanda kaɗaici ya dama, kashi-kashi kowace rana. Labarin ya buɗe zukata, dokar kuma ta tsare filin wasa.

Wannan ya nuna iyakar abin da littafi zai iya. A makarantu 42 na birnin Bergen inda Olweus ya fara gwada shirinsa, cin zali ya ragu da kusan rabi, amma shirin ya haɗa da sa ido a filin wasa, da dokokin aji, da zama da iyaye. Da aka tattara sakamakon irin waɗannan shirye-shirye na ƙasashe dabam-dabam a 2011, raguwar ta tsaya wajen kashi 20 cikin 100. A Ingila doka ta wajabta wa makarantun gwamnati su tanadi matakan hana cin zali tun ƙarshen shekarun 1990, iyaye kuma suna da ikon neman a nuna musu. Yaron da ya daina son zuwa makaranta, ko yake kukan ciwon ciki kowace safiya, ko kayansa ke ɓacewa, ba littafi kaɗai yake bukata ba, yana bukatar babba ya taka har ofishin shugaban makaranta.

Iyayen da ba su da hanyar samun waɗannan littattafai ba su rasa komai ba, domin Hausa tana da nata jarin. Tatsuniyoyin 'yar mowa da 'yar bora, irin waɗanda marigayi Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara cikin Tatsuniyoyi da Wasanni a farkon shekarun 1970, cike suke da yaran da aka wulaƙanta a gida ɗaya. Kaka a Zangon Kumasi ko a Omdurman tana iya ba da tatsuniyar yadda ta gada, sa'an nan ta ƙara tambaya ɗaya da ba a saba yi ba: lokacin da ake wahalar da 'yar bora, ina sauran mutanen gidan suke, me ya hana su magana?

Shekaru bayan rasuwar Eleanor Estes a 1988, 'yarta ta bayyana asalin Riguna Ɗari. Ta ce a ajin uwarta na firamare akwai wata yarinya 'yar Polan mai riga ɗaya, wadda yara suka riƙa yi wa ba'a. Ana tsakiyar shekara iyayenta suka ƙaura da ita, Eleanor kuwa ba ta sami damar ba ta haƙuri ba. Abin ya zauna mata a zuciya har ta girma, sa'an nan ta zauna ta rubuta labarin. A ƙarshen littafin ta sa Wanda ta aiko da wasiƙa, ta ba Maddie da Peggy kyautar zane ɗaya-ɗaya. Da Maddie ta kai nata gida ta duba da kyau, sai ta ga fuskar yarinyar da ke sanye da rigar tata ce.